Dakta Rabi da Safiyar da Aka Tare Motar Asibiti

Watan nan ƙanwata, Dakta Rabi, ta cika shekara uku da rasuwa. Na daɗe ina ɗage wannan rubutu, don duk lokacin da na zo zama sai in tarar gajiya ta riga ni hawa kujerar.

A zamanin da nake aiki, idan za a kwashe mutane da yawa daga wani wuri zuwa wani, taswira muke mannawa a bango, mu soka mata allurai masu kai ja da shuɗi, mu yi ta gardama har shayi ya huce. Haka muka yi a jigilar alhazai, haka muka yi a shekarun da na shafe ina kai kayan agaji a Nijar da Chadi da Sudan. Idan lissafinmu ya kuskure, a hanya muke ganewa, mutane na tsaye cikin rana suna kallonmu. Yau kuwa ana iya yin tafiyar gaba ɗaya a cikin kwamfuta, a tafka kuskuren a can, a gyara, a sake, kafin a tayar da mota ko ɗaya. A wurin Rabi na fara ganin haka, a falona da ke Nassarawa GRA, ni da nake tsammanin na gama ganin duniya.

Ita ce autarmu, ni ne babba. Ni na kai ta makarantar kwana da akwatin ƙarfe, tana kuka tana cin gyaɗa a lokaci guda. Gyaɗar ba ta bar ta ba har ta bar duniya. Kullum akwai ƙulli a aljihun farar rigarta. Ta zama likitar sa barci, daga baya aka ba ta riƙon ɗakin kulawa ta musamman a wani asibiti mai zaman kansa a nan Kano, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Wannan ɗaki shi ne inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su maƙura, waɗanda da yawansu na'ura ce ke yi musu numfashi. Mutum yana kwance, an sa shi barci, bututu a maƙogwaronsa, ransa na rataye da wutar lantarki da tukunyar iskar oksijin. Rabi kan ce aikinta gadi ne, bambancinta da mai gadin gidana kawai shi yana iya gyangyaɗi.

Ginin da ɗakin yake ya tsufa. Wayoyin wutarsa sun taɓa yin hayaƙi, rufin kuma yana yoyo, ga damina ta ƙarato. Asibitin ya gina sabon wuri a wani gefen gari, aka ce a kwashe marasa lafiyar ɗakin zuwa can. Ba su kai ashirin ba. Wanda bai san aikin ba zai ce ai abu ne na wuni guda, haka kuma shugaban asibitin ya ce. Yana son a yi jerin gwano: a hayo motocin asibiti daga ko'ina, su tashi tare da jiniya, 'yan jarida na ɗaukar hoto, a buɗe sabon gini da marasa lafiya a kan gadajensa.

Rabi ta zo gidana ran nan bayan la'asar, ta jefar da jaka a kan kujera. Ta ce, "Yaya, in aka yi yadda mutumin nan yake so, sai wani ya mutu a titi. Ban san wane ne ba, amma na san yana cikin ɗakina yanzu haka."

Ta yi mini bayani. Da zarar an cire mara lafiya daga bututun iskar da ke bango, an koma kan ƙaramar tukunya da batir, lokaci ya fara cinsa. Kowace mota tana buƙatar likita ko ƙwararriyar nas a ciki, waɗanda kuma ta yarda da hannunsu ba su da yawa. Idan motoci suka isa tare, wa zai karɓi wa? Ƙofa ɗaya ce, gado mai taya ɗaya ne ke iya wucewa. Na baya zai jira a rana, iskarsa na tafiya.

Na ba ta labarin abin da na gani a Faransa, inda annobar numfashin nan ta ritsa da ni a wurin 'yata. Asibitocin wani yanki sun cika, aka riƙa loda marasa lafiya masu na'ura a jirgin ƙasa ana kai su wani yanki. Na ce mata ban taɓa ganin tsari irin wannan ba.

Ta ce, "Yaya, can jirgin ƙasa ya san lokacin tashinsa. Kai dai kullum Faransa, Faransa. Sha shayinka."

Amma ta ji. Ta nemi wata likita da suka yi kwas tare a can, ta aiko mata da manhajar da ake gwada irin wannan kwasa a kwamfuta. Bayanin manhajar da Faransanci yake, shi ya sa aka neme ni. Mijin Rabi, Injiniya Auwalu, malamin kwamfuta ne, shi ya zauna a gaban allo. Aka zaɓi falona saboda ina da sola, wuta ba ta yankewa. Haka muka zama mu uku: ni ina fassara, shi yana dannawa, ita tana faɗa.

Abin da sauƙin fahimta, ko da yake da wuyar haɗawa. Taswirar Kano ce a kan allo. Kowane mara lafiya ɗigo ne kore. Sai ka gaya wa kwamfuta motoci nawa kake da su, ma'aikata nawa, iskar kowace tukunya za ta kai ina, wane lokaci za a tashi, wace hanya za a bi. Ita kuma sai ta yi tafiyar, ba sau ɗaya ba, ta yi ta maimaitawa, kowane zagaye da irin tasa tangarɗa: yau taya ta fashe, gobe tirela ta lalace a shatale-tale, jibi an ɗauke wuta a sabon gini. Idan iskar wani ta ƙare kafin ya isa, ɗigonsa ya koma ja.

Mun sa mata abin da muka sani na garinmu. Cunkoson 'yan adaidaita sahu. Lokacin kai yara makaranta da lokacin tashinsu. Juma'a, da titunan da ake rufewa don salla. Auwalu ya yi ta bin hanyar da motarsa a lokuta daban-daban, yana dawowa da gumi da labari. Duk sanda aka gwada jerin gwanon shugaba, sai ja ya fito, wani lokaci ɗaya, wani lokaci fiye. Rabi takan tsaya a bayan mijinta, ta daina tauna gyaɗa, ta zuba wa ɗigon ido. Na san ba ɗigo take gani ba. Ta san sunan kowa, ta san wadda ke da jariri a gida.

Wata rana na ce mata ta zauna, ai wasa ne na kwamfuta.

Ta ce, "Gara in kashe su a falonka sau dubu, Yaya. A nan ba a zaman makoki."

A ƙarshe kwamfuta ta nuna hanyar da ja ba ya fitowa: a yi kwasar cikin 'yan kwanaki, da sassafe kafin titi ya cika, mota ɗaya ta isa a karɓi mai ciki kafin ta biyu ta tashi, kowace mota da tukunyar ko-ta-kwana. Ba jiniyar taro, ba hoto.

Rabi ta kai wa shugaban. Ban halarci zaman ba, amma ta ba ni labari tana kwaikwayon muryarsa. Wai ya dubi allon ya ce, "Dakta, kwamfutar ce za ta tura gadon?" Ba mugun mutum ba ne. Ya riga ya yi wa manya alkawarin biki, kuma irin mutanen nan ne da ba su yarda da abin da ba su taɓa da hannu ba. Da ta matsa, sai ya ba ta sharaɗi. Ta gwada nata tsarin safiya ɗaya. In ya tafi lafiya, ta ci gaba. In aka sami matsala, a koma jerin gwano, kuma kada ta sake ɗaga masa murya.

Wanda aka zaɓa ya fara tafiya wani tela ne daga Kaura Goje, Malam Hamisu, wanda ciwon huhu ya kwantar. Ana gobe za a tashi, Rabi ta zauna da yayansa da ke jinya, ta yi masa bayani dalla-dalla, ya ce ya gane, ya yi mata addu'a. Da safe ni da Auwalu muka je, ni don in bi motar a baya da tawa, shi don ya duba ko titi zai yi abin da kwamfuta ta ce.

Komai ya fara daidai. Aka fito da Malam Hamisu ta ƙofar baya, don ta nan ne hanya ta fi kusa kuma babu matakala; kwamfuta ma ta nan ta zaɓa. Yana cikin barcin magani, an manne masa ido da filasta don kada ya bushe, an lulluɓe shi da farin zanen asibiti har wuya. Aka sa shi a mota, Rabi ta shiga da nas ɗaya, aka rufe.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne jinya a wurinmu karɓa-karɓa ce. Yayan da aka yi wa bayani ya tafi cin kasuwa wani ƙauye tun asuba, ya bar wa ƙaninsu Nafi'u wurin, bai gaya masa komai ba. Matar Malam Hamisu, Hajara, ta zagaya ɗebo ruwa. Nafi'u na zaune a kan tabarma a inda masu jinya ke kwana, sai ya hango an fito da ɗan'uwansa ido a rufe, cikin farin ƙyalle, ta ƙofar da kowa a asibitin ya san ta nan ake fita da wanda ya cika, aka kuma sa shi a motar asibiti. To a garin nan me muka san motar asibiti da shi? Mara lafiyarmu a tasi yake zuwa, ko a adaidaita, ko a motar maƙwabci. Motar asibiti ita ke mayar da mutum gida idan an gama.

Nafi'u ya buga waya Kaura Goje kafin ya yi komai. Sannan ya ruga ya tsaya a gaban motar a bakin get, ya buɗe hannuwa. Masu jinyar sauran gadaje suka taso suna salati, suka tsaya tare da shi, don kowa ya ga abin da ya gani.

"Wallahi ba inda za a kai shi!" yake cewa. "Ku ba mu gawarmu. Firji za ku sa shi, mun san halinku. Yau za mu rufe shi."

Auwalu ya ce, "Bawan Allah, yayanka yana da rai. Sabon gini za a kai shi."

"Mai rai ake manne wa ido? Mai rai ake fitarwa ta ƙofar baya? Alhaji, dubi furfurarka," ya juyo kaina, "kai ma da kai za a yi mana wannan?"

Na shawo kan jami'an kan iyaka da Larabci, na shawo kan sojoji da Faransanci, amma ran nan Hausata ta kasa matsar da saurayi ɗaya daga gaban mota. Ba ya ji, kuka yake. Direba na danna oda, mai gadi ya rasa ko ya buɗe get ko ya rufe. Ni kuwa abin da ke raina tukunyar nan ce da ke cikin motar, da ɗigon da na saba gani yana sauya launi a falona.

Sai ƙofar motar ta buɗe. Rabi ba ta sauko ba, don ba ta iya barin kan mara lafiyar. Ta leƙo kawai ta ɗaga murya.

"Ina matarsa?"

Hajara na gefe, ta saki bokitin ruwan, mata biyu sun riƙe ta.

"Taho, 'yar'uwa. Hau. Kawo hannunki." Ta kama hannun ta ɗora a wuyan Malam Hamisu. "Me kika ji?"

Hajara ta danna yatsunta a wurin. Can ta ce, "Da ɗumi. Yana bugawa."

"To gaya wa ƙanin mijinki ya kauce. Iskar mijinki ce ke ƙarewa yana tsaye a nan."

Hajara ta leƙo, fuska jiƙe, ta ce, "Kai Nafi'u, matsa! Yayanka na nan da ransa, kai ne za ka kashe shi, sarkin gaggawa!"

Ya matsa. Hajara ta yunƙura za ta sauka, Rabi ta ce ta zauna inda take, babu lokaci. Haka motar ta tashi da ita a ciki, a takure a kan akwatin kayan aiki.

Amma safiyar da muka zaɓa ta riga ta tsere. Titi ya cika da masu kai yara makaranta. Direba ya kunna jiniya, ni ina biye ina kallo. A Jamus na ga yadda motoci ke darewa biyu da jin wannan ƙara, kamar an tsaga su da wuƙa. A nan kuwa jiniya abu biyu take nufi a kunnen mutane: ko babban mutum ne, wanda an gaji da kauce masa, ko kuma gawa ce, wadda ba ta sauri. Na ga wani ɗan adaidaita ya saki kan mashin ɗinsa ya ɗaga hannu yana yi wa na cikin motar addu'ar samun rahama, bai kuma matsa ko taku ɗaya ba. A tsakiyar cunkoson Rabi ta sauya zuwa tukunyar ko-ta-kwana. Da muka isa, allurar ma'aunin iskar wannan tukunyar ma ta kusa kwanciya. Aka shigar da Malam Hamisu, aka haɗa shi da bango. Rabi ta fito ta zauna a kan dakali, ta laluba aljihu ba ta iya kwance ƙullin gyaɗar ba.

A Kaura Goje kuwa an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, samari sun tafi maƙabarta da diga. Sai da Hajara da kanta ta yi magana a waya sannan aka naɗe.

Kafin azahar shugaba ya kira Rabi. Sharaɗi sharaɗi ne, an sami matsala, magana ta ƙare. Ta roƙe shi ya ba ta zuwa gobe. Da la'asar muka koma falona. Ta ce in sake duba bayanin manhajar, ko akwai inda aka yi zancen dangi. Na bi shi daga farko har ƙarshe, babu. Ban yi mamaki ba. A asibitin da 'yata ke zuwa a Faransa ba wanda ke kwana a baranda. Mara lafiya shi kaɗai ne da lambarsa, danginsa na gida suna jiran waya. A Sudan kuwa na ga irin namu, har da murhu a harabar asibiti. Ba na cewa wani ya fi wani. Na ga kaɗaicin can, na ga hayaniyar nan, kowanne da abin da yake ci wa mutum. Amma manhajar an yi ta ne don mara lafiyar da ba shi da kowa a bakin ƙofa.

Rabi ta ce, "Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Mu ne ba mu gaya mata su wane ne mu ba."

Auwalu ya buɗe wuri a manhajar, aka sa sabon abu a lissafi: kafin a cire kowa daga bango, sai an nemo wanda ke jinya a wannan safiyar, ba na jiya ba, an kawo shi bakin gado ya taɓa mara lafiyarsa. Sai an ba shi wurin zama a motar. A fita ta ƙofar gaba, ko da ta fi nisa kuma sai an ɗaga gado a matakala. Ita kuma ta ƙara abin da kwamfuta ba ta da wurin sa shi: a daina lulluɓa da fari, a nemo barguna masu launi. Matata ta kwaso na gidanmu. Da aka sake gwadawa, kowace tafiya ta ƙara tsawo, kwanakin kwasar ma sun ƙaru. Wato za ta koma wurin mutumin da ya ce a yi a wuni ɗaya, bayan ta kasa cika sharaɗinsa, ta nemi fiye da abin da ta nema da farko.

Ta je, ya kuma yarda. Na so in ce allon ne ya gamsar da shi, amma ba haka ba ne. Labarin jana'izar mai rai ya riga ya zaga gari. Rabi ta tambaye shi abu ɗaya: idan dangin mutum ɗaya sun tare get haka, yaya zai yi da dangin mutum goma sha, a gaban manyan baƙi da masu ɗaukar hoto? Tsoron kunya ya yi abin da lissafi ya kasa. Ta dawo ta gaya mini haka ba tare da murna ba. Ta ce, "Na samu, Yaya, amma ba ta ƙofar da na ƙwanƙwasa ba."

Aka kwashe su duka, sannu a hankali, kowa da ɗan'uwansa a gefe. Babu wanda ya mutu a titi. Akwai waɗanda ciwonsu ya tafi da su daga baya a sabon ginin, wannan kuwa ba a hannunta yake ba. Biki aka yi shi bayan an gama, aka yanka ƙyalle, ba a ambaci sunanta ba, ita ma tana ciki tana aiki.

Daga nan burinta ya girma. Ta ce wannan ƙaramin ɗaki ɗaya ne, an kuma san ranar tashi. Ranar da gobara ta kama babban asibiti fa, ko ambaliya, ko wata annobar ta dawo? Wa ya san inda gadon da babu kowa yake a faɗin Kano, wa ya san mota nawa ke da na'urar numfashi mai aiki? Tana son asibitocin gari su zauna, na gwamnati da masu zaman kansu, a yi wannan atisaye a kwamfuta tun babu abin da ya faru. Na raka ta ofisoshi da dama, don wasu daga cikin masu kujerun 'ya'yan abokaina ne. An karɓe mu da mutunci. An kawo lemo. An ce abu ne mai kyau ƙwarai, za a duba. A mota takan cire takalmi ta jingina kai ta ce, "Yaya, kai da ka iya harsuna, me 'za a duba' ke nufi?" Ni kuwa na san amsar a kowane harshe, ban dai faɗa ba.

Ana cikin dubawar ta rasu. Zuciya ce, a gidanta, wata safiya tana shirin fita aiki. Ba a kai ga sa ta a kowace mota ba. Cikin masu ta'aziyya na ga wani siririn mutum da ban gane ba, sai da ya durƙusa ya ce shi ne Hamisu tela. Ya warke, ya koma kan keken ɗinkinsa. An ce har yau yana tsokanar maƙwabtansa, yana cewa ya san waɗanda suka zo jana'izarsa da waɗanda suka ce suna da uzuri. Ran nan dai bai yi wasa ba. Ya ce, "Alhaji, ita ta hana a yi tawa, ga shi ni na zo tata."

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Motocin asibiti sun ƙaru a titi, wasu sababbi fil, ban dai san abin da ke cikinsu ba. A unguwarmu gidajen da na sani da itatuwan mangwaro sun zama ƙananan asibitoci, kowanne da allonsa mai haske, kowanne kuma bai san abin da ke bayan katangar ɗan'uwansa ba. Nas-nas ɗin da ta horar, waɗanda ta ce ta yarda da hannunsu, yawancinsu suna Saudiyya da Ingila. Ba na zarginsu. Ni ma a waje na ci rabin rayuwata. Ɗan adaidaita har gobe ba ya kauce wa jiniya. Zaman da ta nema na asibitocin gari, iyakar sanina, ba a yi shi ba. Ina jin da za ta yi tsaki, ta ce in daina ƙorafi in tashi mu koma ofishin, wataƙila an sauya mai kujerar. Ita ba ta gajiya irin tawa. Ko kuma tana yi, ba ta dai samu lokacin nunawa ba.

Na tambayi Auwalu labarin manhajar. Ya ce izinin amfani da ita ya ƙare, kwamfutar ma batirinta ya kumbura, tana cikin kabad. Ya ce wani lokaci yakan yi niyyar ba ɗalibansa aikin su gina irinta tamu ta gida, sai ya buɗe taswirar ya ga ba zai iya kallonta ba. Ban matsa masa ba. Shekara uku ba ta da yawa ga wanda ya zauna da Rabi.

Kwanakin baya direbana ya ce mahaifinsa na kwance a asibitin, a ɗakin nata, za a kai shi wani wuri a yi masa hoton ƙwaƙwalwa a dawo da shi. Na bi shi dubiya, rabona da wurin tun rasuwarta. Ban ga fuskar da na sani ba. Muna tsaye a baranda sai wata nas, wadda ba ta fi sa'ar jikata ba, ta fito tana tambaya wane ne mai jinyar dattijon nan na yau. Direbana ya ce shi ne, amma ai an gaya wa yayarsa jiya. Ta ce ba ruwanta da jiya, ya zo ya taɓa babansa. Ya shiga, ya fito, aka turo gadon ta ƙofar gaba, tsohon na lulluɓe da bargo mai ruwan ganye, ɗansa na riƙe da ƙarfen gadon har cikin mota.

Na tsayar da nas ɗin na ce, "'Yata, me ya sa kuke yin haka? Ba ya ɓata muku lokaci?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake wanke hannu. Ta ce, "Baba, haka muka tarar ana yi." Ta wuce, tana sauri.

Ban gaya mata ko ni wane ne ba. Na zauna a kan benci har motar ta fita.

Abin da ya rage na ƙanwata ke nan, in an auna. Babban shirin da ta so wa garin nan bai samu ba, kuma ban ga alamar zan gan shi da idona ba. Allah ya jiƙan Rabi, ya sa gadin da ta yi wa bayinsa ya zame mata haske. A asibitin nan ɗaya dai, ba a ƙara fitar da mai rai ta ƙofar baya cikin farin ƙyalle ba, ba a kuma cire kowa daga bango sai ɗan'uwansa ya taɓa shi ya shiga motar tare da shi.